Layin da Ya Fi Kowa Cin Wuta

Zuwa ga Malama Ƙidaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran nan da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Mu nan lafiya lau. Gwaggo tana fama da gwiwa kamar kullum, amma bakin nan nata garau yake, jiya ma ta wanke mai kawo ruwa tas. Ta ce in gaishe ki, in kuma tuna miki a ɗakinta kika yi firamare, idan boko bai goge miki wannan ba.

Na san za ki ce me ya kawo wasiƙa a zamanin waya. To, wayarki ce ta kawo. Na kira har na gaji, kullum sai wata mata ta ce min kina kan wani kiran. Ni kuma ba na bin mutum da kira kamar mai neman aiki. Kakanki da kakata ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko kin so ko kin ƙi ni yayanki ne kuma abokin wasanki, takardata dole ki karanta ta.

Ga maganar. Kin san tashar sola da kamfani ya kafa a rufin tsohon sito, wadda take ba layinmu wuta. Ni ne ciyaman na kwamitin wutar, karo na uku ke nan babu hamayya. Baturan sun tsufa, da la'asar ta yi sai fitila ta fara lumshe ido. Yanzu labari ya zo cewa kamfani zai kawo sababbin batura da ƙarin farantan sola, amma wuri ɗaya za a haɗe komai: ko layinmu, ko layin masu walda da ke ƙetaren lambatu. Wanda ya rasa, har farantan da yake da su za a kwance a kai wa ɗayan. Firiza uku gare ni a shago, da ƙanƙara nake riƙe gidan nan. Ba sai na yi miki lissafin abin da hakan ke nufi ba, ai sana'arki ce.

An ce min daga ofishinku hukuncin zai fito, kuma ke ce mai riƙe da alƙaluman. Da na ji haka sai da na yi dariya har na ƙware. Ashe dai wannan aikin naki na zama a kujera mai juyawa ana ƙirga wutar da wasu suka sha zai yi rana! To, ranarsa ta zo. Ki ɗauki biro ki sa sunan layinmu a sama. Masu walda ba mutanen da za a ba amanar wuta ba ne, ban da tartsatsi da ƙarar tsiya ba abin da suka iya.

Ki ba direban motar kaya amsa, ta nan yake biyowa.

Yayanki,
Ciyaman

*

Zuwa ga Ciyaman na karo uku babu hamayya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, har da tambarin gindin kofin shayi a tsakiyarta. Muna lafiya, ƙaramar ta yi mura ta warke. Ka ce wa Gwaggo ban manta ba kuma ba zan manta ba. Ga man gwiwa nan na ba direba, nata ne, ba na shafa maka ƙafa ba. Batun yaya kuwa, da 'yan watanni ka girme ni, kuma ban ga inda suka amfane ka ba.

Wayarka ina ganinta sarai. Ba na ɗauka ne domin ban taɓa ɗauka na ji ka ce gaisuwa kawai ka kira ba.

Wai in ɗauki biro in sa sunanku a sama. Kai a ganinka ofis ɗin nan layin ɗibar ruwa ne, da za a matsar da bokitin ɗan'uwa gaba? Bari in gaya maka abin da nake yi a kujerar da ta tsone maka ido, ko da yake na san rabinsa zai bi ta bayan kunnenka.

Kowace mita da ke jikin bangon gidajenku tana aiko da abin da aka sha kai tsaye cikin kwamfutata. Ina da na shekara goma sha biyu, wata bayan wata. Idan ka zuba su haka nan ba abin da za ka gani sai tsalle-tsalle: lokacin zafi kowa ya kunna fanka abu ya yi sama, lokacin sanyi ya sauko, damina ta rufe rana ya sake faɗuwa. Wannan duk hayaniya ce. Aikina shi ne in cire hayaniyar, in ware watannin da tasha ta lalace don kada a ɗora wa mutane laifin na'ura, sannan in ja layi ɗaya da zai nuna inda abin ya dosa da gaske. Ko hawa, ko sauka, ko kwance. Wannan layin manya suke dubawa, ba fuskar ciyaman ba. Ni ba na yanke hukunci, kuma ba na taɓa lamba ko da ta ubana ce.

Yanzu ka buɗe kunne, domin abin da zan faɗa bai ma kamata ya fita daga ɗakin nan ba, albarkacin Gwaggo kake ci. Na ja naku, na ja na masu walda. Naku tun shekarar farko hawa yake yi bai taɓa waiwaye ba. Kun fi kowa cin wuta a yankin nan kaf, kuma ido yana kanku. Kamfani dai ka san ba gidan marayu ba ne. A ƙarshen lokacin zafi za a rufe lissafi, kuma watannin ƙarshe su manya suka fi zuba wa ido.

Iyakar abin da zan ce ke nan. An ce mai hankali ke gane furfurar farar tunkiya. Kai da aka zaɓa har sau uku, ai ka san abin yi.

Kada ka nuna wa kowa takardar nan, kada kuma ka ambaci sunana a taronku.

'Yar'uwarka,
Ƙidaya

*

Zuwa ga Malama Ƙidaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Man gwiwa ya iso, Gwaggo ta sa miki albarka har ta wuce misali, kamar ke kaɗai aka haifa a dangi. Matata ta yi fama da haƙori, an cire.

Duk surutun hayaniya da damina da kika cika takarda da shi na tsallake shi, don ba aji na shiga ba. Amma furfurar tunkiyar na gan ta tun kafin ki gama nuna ta. Wato an sa mu a bakin duniya a kan mu ne mahaɗama. Mun fi kowa ci, ido yana kanmu, kamfani ba gidan marayu ba ne. Ai ko yaro ya san baƙon da ya suɗe kwano har ya lashe hannu ba a sake gayyatarsa. Wallahi da na karanta sai da kunya ta kama ni. Layi guda na mutanen kirki a ce mu ake nunawa da ɗan yatsa a ofis!

Na tara jama'a a ƙofar sito. Ban faɗi sunanki ba, cewa na yi ina da kunne a sama, kowa kuma ya gane ba ƙaramin mutum ne ciyaman ɗinsu ba. Na ce daga yau haɗama ta ƙare har a rufe lissafi. Mai niƙa ya ja tsohon injinsa na dizal daga bayan shago ya kakkaɓe shi. Teloli sun sauke kekunan wuta sun koma na ƙafa, suna ta ƙunƙuni wai ƙugu, na ce ƙugun uwa. Mai aski ya koma almakashi. Mai cajin waya ne ya so ya yi min taurin kai, na ce masa ko ya rage ko kwamiti ya rage shi. Kowane gida ƙwan fitila ɗaya, dutsen guga kuwa na gawayi.

Ni na fara, don shugaba ba ya cewa a yi alhali shi yana zaune. Firiza biyu na kashe na bar ɗaya. Masu sayen ƙanƙara suna zuwa suna komawa hannu rabbana, na ce su yi haƙuri, gyaran gobe ake yi. Gwaggo ma na ɗauke fankarta na sa a saman kwaba, na saya mata mafici mai kyau. Ta zage ni son ranta, amma ai tsoho ba ya ganin nesa kullum.

Su kuwa mutanen ƙetaren lambatu, Allah sarki. Ba su da kowa a sama. Tun safe injinansu ke kuka, har wani sabon shagon yankan ƙarfe suka buɗe. Ina tsayawa a bakin gada ina kallon tartsatsinsu ina cewa ku ci, ku ƙara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ki duba kwamfutar taki ki gaya min yadda muka yi kyau.

Yayanki,
Ciyaman

*

Malama Ƙidaya,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Gwaggo zafi ya fito mata da ƙuraje a baya, ana shafa mata hoda.

Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Direba ya rantse ya miƙa takardata a hannun mai gadinku, ya ce an ce kin tafi wani aiki wajen injinan iska. To, ko iskar ce ta ɗauke ki ai ya ci a ce ta dawo da ke. Na san halinki, ciwo ne a wurinki ki ce na yi daidai. Ba komai, riƙe yabonki, ba shi nake ci ba.

Zafi ya shigo, mutane sun fara guna-guni, amma na riƙe su da hannun ƙarfe. Da kaina nake zagawa ina leƙa mitoci. Wata mitar sai ka tsaya ka gaji ba ka ga ta motsa ba. Teloli biyu sun kwashe kekunansu sun koma ƙetare, na ce Allah raka taki gona. Wanda ba zai iya haƙurin 'yan watanni ba ai ba ɗan layinmu ba ne.

Idan an tashi kawo baturan ki sanar da ni da wuri, ina so a yi wa sito fenti.

Ciyaman

*

Zuwa ga Ciyaman,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau. Ka sauko da fankar Gwaggo daga saman kwaba ka kunna mata kafin ka karanta layi na gaba. Ina nufin yanzu.

Innalillahi. Kai wane irin mutum ne? Na yi aiki da mitocin da ɓera ya ci, na yi aiki da alƙaluman da aka rubuta a bayan kwalin sigari, ban taɓa haɗuwa da abin da ya ɓata lissafi irin kanka ba.

Na ce kun fi kowa cin wuta. Kamfani wuta yake sayarwa! Kai da kake da shago, wane ne kake tashi tsaye ka yi wa maraba, mai ɗaukar ƙanƙara buhu-buhu ko mai zuwa ya taɓa ya ce sanyi ya tafi? Ido yana kanku domin ku ne kan gaba. Baturan naku ne, an gama, saura sa hannu. Abin da kawai ake so ka yi shi ne ka zauna ka yi shiru, abin da ka kasa yi tun muna yara. Sai ka ɗauki ofishin ƙididdiga ka mai da shi gidan surukai, inda ake cin loma biyu a ce an ƙoshi.

Ga abin da ya faru, ka ji shi dalla-dalla. Na dawo daga wajen injinan iska na tarar da takardunka biyu a tebur. Na gane rubutunka, na ce roƙo ne, na tura su cikin durowa na kama aikina. Da na buɗe alƙalumanku sai na ga layin da ya yi shekara goma sha biyu yana hawa ya karye ya zube, kuma a tsakiyar zafi, lokacin da ko mataccen layi yake ɗagawa. Na ce mitoci ne suka lalace. Na tura ma'aikaci ya gwada, ya ce lafiyarsu ƙalau, ya ƙara da cewa ya ga shaguna a rufe da injin dizal yana hayaƙi. Na gwada lissafin ta kowace fuska, amsa ɗaya yake bayarwa: wannan ba hayaniya ba ce, canji ne na gaske. Na rubuta cewa masu sana'a suna barin layin, buƙatarsa ta karye, ta ƙetare kuma tana hawa. Na sa hannu na miƙa. Sai da na zo neman abin maƙale takarda a durowa na buɗe wasiƙunka.

Lissafina daidai ne. Abin da ba a koya mana a makaranta ba shi ne yadda ake cire ciyaman daga cikin alƙaluma.

Saura hanya ɗaya, kuma ƙofar ba za ta daɗe a buɗe ba. Kafin a kwance faranti akwai zaman sauraron ƙorafi. Idan aka tabbatar cewa faɗuwar nan umarni ne aka bayar bisa kuskure, ba mutuwar kasuwa ba, doka ta ba ni dama in ware watannin nan kamar yadda nake ware na lalacewar tasha. In na ware su, layinku ya ci. Amma baki na kawai ba zai yi ba. Dole wanda ya ba da umarnin ya zo da kansa, da mutum biyu daga kwamitinsa, ya ce ni na sa aka kashe, ga takardar da na karanta na fahimce ta a baibai.

Ka san abin da wannan zai jawo min? Za a ga na fitar da maganar ofis na ba ɗan'uwana. Mafi sauƙi a ɗauke ni daga teburin nan a kai ni ɗakin ajiyar fayil, mafi muni a nuna min ƙofa. Na yi magana da maigidana, na yarda. Ba don kai ba, kai ko a kwalar rigata. Don tsohuwar da ka bari da mafici, da telolin da ka kora.

Ni aikina zan ajiye a kan tebur. Kai ba abin da za ka ajiye sai girman kai. Ka shigo motar direba ka zo, zan jira ka a bakin ƙofa.

Ƙidaya

*

Zuwa ga Malama Ƙidaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ƙurajen Gwaggo sun bushe.

Takardarki ta same ni, na karanta zagin da ke ciki tsaf, ban bar ko ɗaya ba. An ce kin tsaya a bakin ƙofa ranar zaman har aka tashi. Sannu da tsayuwa. Ni ban ce zan zo ba.

Wato so kike in ɗauki mutum biyu daga kwamitina, in biya musu mota, in kai su gaban manya su ji da kunnensu ina cewa ban iya karanta wasiƙa ba. Sannan in dawo in tsaya a ƙofar sito in dubi mai niƙa, wanda hayaƙin dizal ya sa wa tari, in ce masa duk a banza ne. Ke a ofis ko an kai ki ɗakin fayil za ki rufe ƙofa ki zauna, ba mai ganinki. Ni a layin nan zan kwana in tashi har in mutu. Kuma wa ya ce ki yi min magana da karin magana? Mutum yana da baki, yana da biro, yana da digiri, ya kasa rubuta kalma uku: ku ci gaba. Sai tunkiya, sai furfura, don dai a nuna min an fi ni. To, an fi ni.

An zo an kwance farantan. Da rana tsaka suka zo da babbar mota, suna sauko da su ɗaya bayan ɗaya suna jerawa a kan katifu. Duk layi ya fito ya tsaya. Mai cajin waya ya buɗe baki zai yi magana, da na kalle shi ya haɗiye. Motar ko nisa ba ta yi ba, gada kawai ta haura, muna kallo aka sauke su. Yanzu rufin sito ya zama fili, sai ƙusoshi.

Jama'a sun tambaye ni yadda aka yi, dole in ba su amsa. Na ce mun yi iya namu, amma a ofis aka rubuta cewa layinmu ya mutu, kuma wadda ta rubuta jininmu ce. Sun yi ta salati. Sun ce ba laifina ba ne, ɗan'uwa ne ba shi da tabbas. A zaman da ya biyo baya sun sake zaɓata, mu ne za mu bi kadin dawo da wutar. Ina ba ki shawara kada ki zo layin nan kwana kusa, don matan ba su huce ba.

Firiza na sayar da biyu, ɗayar na mai da ita akwatin ajiya. Ƙanƙara yanzu daga ƙetare nake sarowa, wajen wani mai walda da ya buɗe shago da sabuwar wuta. Kafin baro ya hauro gada ƙanƙarar ta fara narkewa, amma ana samun na cefane.

Kada ki sake aiko da man gwiwa, wanda ya zo da takardarki ta ƙarshe yana nan ba a buɗe ba. Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta ce in zauna. Ta ce ita ba ta yarda da maganar mutane ba, ita ta raine ki, ta san abin da ta raina. Ta riƙe hannuna ta ce in dubi Allah in gaya mata abu ɗaya: da gaske ke kika sa hannu a takardar da ta ɗauke mana wuta?

Na ce mata e, ke ce. Ta saki hannuna ta juya ta fuskanci bango.

Ke da kike son magana daidai, ki duba ki gani ko na yi ƙarya.

Yayanki,
Ciyaman